Yaƙin Haɗeja a Kan Tabarma

Litinin, 3 ga Safar 1325. Limawa, Dutse.
Dawakan yumɓu sun bushe. Mutanenmu na shafa musu farar ƙasa, sojan Nasara ja. Ganuwar Haɗeja da karan dawa na yi ta. In jera su kan tabarma a turaka, in watsa wuri irin na caca: in ya kife, mutum ya faɗi. Ni kaɗai ke jan ɓangarorin biyu. Mai guntun rawanin nan ƙanena ne, Falalu. Tare muka shiga yaƙin bara, ni kaɗai na dawo.

Alhamis, 6 ga Safar.
A kan tabarmar na bi da Falalu ta lungu. Ya faɗi.

Lahadi, 9 ga Safar.
Maƙwabcina Ɗan'inna ya leƙo aron gatari, sallama ɗaya ya ɗaga asabari. Ya daɗe yana kallo. "Malam Uwaisu, wannan ba igwa ba ce, babbar bindigar Nasara?" Na ce wasa ne. Bai yi dariya ba. Mutumin da kullum yake ƙofar gidan hakimi.

Laraba, 12 ga Safar.
A masallaci sahu ya buɗe ta gefena. Wai ina shirya tawaye. Tun abin da ya faru a Satiru, kalmar nan kaɗai ta isa a rataye mutum. Matata Kubura ta durƙusa: "Malam, don Allah a zuba su a rijiya." Na ce to. Na kasa.

Talata, 18 ga Safar.
Bature ya sauka a bariki da soja. Na mayar wa Kubura da tuwonta.

Laraba, 19 ga Safar.
Da hantsi aka yi sallama. Soja ne, dogo, ya ce sunansa Saje Albarka, an aiko shi ya duba. Na shigar da shi turaka. Kubura na ta salati a tsakar gida. Bai cire takalmi ba. Ya tsuguna, ya bi ganuwar da ido.
"Kana can ranar?"
Na yi niyyar ƙarya, bakina ya ce e.
Ya ɗauki igwar ya matsar da ita hagu. "Nan take. Ni ke miƙa mata harsashi." Ya taɓa mai guntun rawani da ɗan yatsa. "Duk wanda ya tsaya nan, ko ta ina ya bi..." Da zai fita ya ce zai gaya wa Bature wani tsoho ne da kayan wasa. Ko gaskiya ya faɗa?

Juma'a, 21 ga Safar.
Ko akuya ta taɓa ƙyaure sai gabana ya faɗi.

Asabar, 22 ga Safar.
Sun tashi, sun nufi Jahun. Ba wanda ya zo.

Litinin, 24 ga Safar.
Na bar igwar inda ya ajiye ta. Yau jajayen na fara ja, don dai in gani. Na rufe lungun, na jira farare su fito fili, kamar yadda ya kamata. Wurin da na watsa ya faɗi da kyau. Sai da aka gama na ji bakina a buɗe, ina murmushi. Ban ma lura da lokacin da mai rawani ya faɗi ba.
Astagfirullah. Gajiya ce.