Na Canza Lamba Ɗaya a Fayil ɗin Ƙanena

Salama a gare ku, masu wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana. Ba na neman a tausaya mini, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Kafanchan. Makaranta a aji huɗu na tsaya, lokacin da babanmu ya rasu, na koma gonar citta domin ƙanena ya ci gaba da karatu. Zan kira shi Bulus, ba sunansa ba ne. Gyara a hannu na koya, a bakin kasuwa. Shagona ya ƙone sau ɗaya, na tashi. Na kwanta asibiti wata uku, na tashi. Ban yi wa kowa kuka ba. Shekara tara ina aiki a wata cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta, ta wata tsohuwar hedimasta da muke kira Mama. Kwamfuta tamanin ne, kuma duk lokacin da za a sake musu tsari ni nake bin su ɗaya bayan ɗaya, kwana shida, har bayana ya sage. A shekara taran nan sunana bai wuce "mai gyara" ba.

Da Bulus ya gama digiri ya rasa aiki, ni na roƙa masa wuri. Sati biyu da zuwansa ya ce, "Yaya, wannan wahalar ta ƙare." Ya rubuta wani fayil ya sa a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Duk tambayar da kwamfuta take yi idan ana zuba mata sabon tsari, harshe, lokaci, suna, fayil ɗin ne yake ba ta amsa, ba mai taɓa komai. Aikin kwana shida ya gama shi kafin abincin rana. Mama ta tafa hannu ta ce, "Injiniya! Ka ga amfanin boko?" A gabana ta faɗa. Ta saya masa kujera mai juyawa, ni ina kan bencina. Wa ya yi noman da ya zama bokon? Wa ya kai shi Zariya da akwati a ka? Hatta mamarmu a ƙauye sai ta riƙa cewa "ɗana injiniya", ni kuma "yayan injiniya".

Shi da kansa ya nuna mini layin. Ya ja ni kusa ya ce, "Yaya, duba nan. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In an rubuta sunan shafin jarrabawa, sai ta tambayi wata na'ura ta faɗa mata lambarsa, kamar yadda wayarka take nemo lambar mutum da sunansa. Di-en-es ake ce mata. Wannan layin shi ne adireshinta. In ya kuskure, waya lafiya, wuta lafiya, amma ba inda za su je." Na ce, "To." Ya yi dariya ya ce, "Ka gane dai ko, tsoho?" Wasa yake yi, na sani. Amma kalmar ta zauna mini a rai.

Ana jibi masu duba cibiyoyi za su zo, za a sake zuba wa duk kwamfutocin tsari. Da rana ya fita sayen gasasshiyar masara, ya bar fayil ɗin a buɗe. Na zauna a kujerarsa. Lambar ƙarshe ɗaya ce, na mayar da ita bakwai, na adana, na koma bencina. Ko ɗar ban ji ba. Wannan ne yake ba ni tsoro yanzu.

Ya gwada fayil ɗin sau da yawa a baya, saboda haka bai sake gwadawa ba. Ranar da masu dubawa suka zo, kwamfuta tamanin suka tashi tsaf, amma ko ɗaya ba ta buɗe shafin ba. Bulus ya duba wayoyi, ya kashe ya kunna, gumi ya jiƙa masa riga. Mama tana ta cewa, "Injiniya, mene ne? Yi magana mana!" Babban masu dubawar ya duba agogo ya ce in ba a gyara ba za su cire sunan cibiyar a bana. Na bar shi ya sha wuya minti ashirin, ina kallo, kuma na ji daɗi. Sannan na tashi na gyara lambar a kwamfuta ɗaya, ta buɗe. Na bi sauran. Mama ta rungume ni tana cewa, "Ashe injiniyan gaske yana nan ina neman na takarda!" Washegari ta sallami Bulus, ta ba ni kujerar.

Na ɗauka zai gano ni. Ya buɗe fayil ɗin ya ga bakwai ɗin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaya, idona ne. Ni na rubuta. Ka cece ni daga kunyar da ta fi wannan." Bai taɓa kawo ni a ransa ba. Ya koma garinmu Kwoi yana achaɓa. Wata makaranta ta so ɗaukarsa, suka nemi takardar shaida daga Mama, ta ce ba za ta sa hannu wa mai ganganci ba. Sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo ta. Shekaranjiya ya kawo mini filash ɗin saboda sabuwar cibiyar da Mama za ta buɗe a Samaru Kataf, ya ce, "Na gyara. Amma ka sake duba layin nan, kai ne mai ido." Na karɓa. Ban iya kallon fuskarsa ba.

Gaskiyar da ta fi muni ita ce har yanzu in an ce mini "Injiniya" sai raina ya yi sanyi. Shekara tara na jira wannan sunan. Kuma har yanzu in na buɗe fayil ɗin nan na ga abin da ya iya rubutawa, wanda ni layi ɗaya kawai na sani a ciki, sai hassadar ta sake taso mini. Wane irin yaya ne ni?

Ranar Lahadi Mama ta shirya sujadar godiya, ta gaya wa Fasto zan tsaya in ba da shaidar yadda Ubangiji ya buɗe mini ido a ranar. Mamarmu za ta zo. Bulus ya ce shi zai ɗauko ta a kan babur, su zauna a layin gaba. In na faɗi gaskiya, na rasa aiki, wataƙila na rasa ƙane. In na yi shiru, takardarsa ta tafi, kuma zan yi ƙarya a gaban bagade yana tafa mini.

Saura kwana huɗu. Me zan yi?