Aron Rumfar Turai

Falgore, 4 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga ɗan ƙanena Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Ƙaraye. Sau shida na kira wayarka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na nemo biro, tunda na lura ku 'yan ƙungiya takarda kaɗai kuke ji. Shitu direba zai kawo maka.

Ka tuna taron da ƙungiyarku ta yi mana da damina, a ajin firamare? Ka tara mu mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ka ce wasu bayin Allah sun ba ku tallafi don talaka ya faɗi abin da ke damunsa a kasuwa. Ka ce kowa ta saki jiki, ba za a ambaci sunan kowa ba. Duk mata suka yi tsit. Ni da na goya ka a bayana na ga za ka ji kunya gaban abokan aikinka, sai na miƙe. Na ce yaran Alhaji Sulle, shugaban kwamitin kasuwarmu, suna karɓar kuɗin rumfa da safe, su dawo da yamma su sake karɓa, kuma ba rasit. Gaskiya na faɗa, kowa ya sani.

To ranar kasuwar da ta wuce ina sauka daga mota sai na ga fuskata a bakin ƙofa, a jikin wani ƙaton ƙyalle, bakina buɗe kamar mai tallan fura. A ƙasa an rubuta: "Turai ta Falgore ta yi magana, an daina zalunci a kasuwa." Yaushe aka daina? Ina isa layin masu mai na tarar an fitar da bencina da mazurarina waje, an sa wata a rumfata. Na sami Sulle a ofishinsa yana cin goro, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Hajiya, ai ke yanzu ta 'yan ƙungiya ce, su ba ki wuri."

Shekara ashirin da biyu ina rumfar nan, Zaharaddini. Da man da na sayar a cikinta na saya maka takalmin shiga sakandare. Raina ya ɓaci da kai ɓacin da ban taɓa yi ba. Ka zo ka sauke ƙyallen nan, ka karɓo min rumfata.

Ka gaida Munawwara da yara. Gwaggonka,
Turai


Ƙaraye, 8 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Gwaggona mai daraja,

Wa'alaikumus salam warahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi da biyayya, ina fatan Gwaggo tana cikin ƙoshin lafiya. Na samu wasiƙarki, kuma wallahi abin ya taɓa ni. Rashin ɗaukar waya kuwa muna Kano ne a wani taron bita na kwana uku.

Gwaggo, ina so ki fahimci yadda aikin yake. Masu ba da tallafin nan ba sa sakin kashi na biyu na kuɗin sai an nuna musu abin da suke kira labarin nasara, wato mutum ɗaya da sunansa da hotonsa, wanda aikin ya canja wa rayuwa. A cikin mata arba'in ke kaɗai kika yi magana. Bahijja, mai kula da hotunanmu, ta duba ta ga akwai sa hannunki a takardar amincewa, sai ta tura. Ƙyallen kuma dokarsu ce a kafa shi a wurin da aka yi aiki. Ban yi tunanin Alhaji Sulle zai ɗauki abin da zafi haka ba.

A cikin kashi na biyun akwai injin matsar gyaɗa na ƙungiyar matanku, da rumfunan kwano guda goma. Ki daure ki ba ni lokaci kaɗan, muna tattaunawa da masu ruwa da tsaki. Na ba Shitu saƙon shinkafa da sabulu ya kawo miki.

Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana. Ɗanki mai biyayya,
Zaharaddini


Falgore, 13 ga Nuwamba, 2024

Zaharaddini,

Salamu alaikum. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Shinkafarka na nan a motar Shitu, na ce ya mayar maka. Ba yunwa na kai maka ƙara ba.

Wace takardar amincewa? Takarda ɗaya aka miƙo mana ranar, Bahijjar taka ta ce ta kuɗin mota ce, kowa ta sa suna. Da Turanci aka rubuta ta daga sama har ƙasa. Ni ajin yaƙi da jahilci na yi, ka fi kowa sani. Har daɗi na ji ranar, sauran mata na dangwale ni ina rubuta sunana da hannuna, ashe kaina nake sayarwa a kan kuɗin motar da ko Rogo ba zai kai ni ya dawo da ni ba.

Kuma su waye masu ruwa da tsaki? Idan Sulle kake nufi ka ce Sulle. Tun da ka shiga aikin nan bakinka ya canja, kana magana kamar rediyo.

Bari ka ji inda nake yanzu. Ina bakin titi, bayan masu faci, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya da ba ta da inuwar kirki. Rana na dukan galan, mai na sauya wari. Kwastomomina na Rogo da suka saba sayen jarka-jarka sun zo layin mai ba su gan ni ba, suka saya wurin wasu. Matan da muka zauna aji ɗaya da su sai sun waiga hagu da dama kafin su gaishe ni. Tasalla, ƙawata tun muna 'yan mata, cewa ta yi, "Ke ma dai Turai, wa ya aike ki?" In na ce mata kai ne, ai kunyar tawa ce.

Yaran Sulle kuwa har yanzu safe da yamma suke zagayawa, ta ƙarƙashin hotona suke wucewa. Je ka rubuta wa mutanenka wannan.

Wassalam,
Turai


Ƙaraye, 20 ga Nuwamba, 2024

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki. Na karanta takardar nan da kaina, kin yi gaskiya, ba a fassara muku ba. Laifina ne, ba na Bahijja ba, ni ne na yi alkawari a gabanku.

Jiya na je na sami Alhaji Sulle. Na roƙe shi har na durƙusa. Ya ce rumfa ta riga ta zama ta wata, ba zai tashe ta ba. Amma akwai wata magana, kuma ina jin nauyin rubuta ta. Masu tallafin za su turo baƙi biyu daga Abuja ranar kasuwa mai zuwa, suna so su ga matar da ke jikin hoton a wurin sana'arta kafin su saki kashi na biyu. Alhaji yana son rumfunan kwanon nan, don haka ya yarda a ara miki rumfarki ranar, daga safe zuwa la'asar. Yaransa ma ba za su fito ba. Ke dai ki zauna da manki, ki gaisa da su, in sun tambaya ki ce abubuwa sun yi sauƙi. Ba sa jin Hausa, ni zan yi tafinta.

Gwaggo, idan suka ga akasin abin da muka rubuta za su rufe aikin. Injin matan ya tafi, ma'aikatana biyar sun rasa abin yi, ni kuma sunana ya ɓaci a wurin duk mai ba da tallafi. In kuɗin suka fito, na rantse zan sa a ba ki ɗaya daga cikin sababbin rumfunan. Ba ni da wanda zan kai wa kukana sai ke.

Ɗanki,
Zaharaddini


Falgore, 23 ga Nuwamba, 2024

Zaharaddini,

Wa'alaikumus salam. Na karanta sau biyu don in tabbatar idona bai yi min ƙarya ba. Aron rumfata, zuwa la'asar.

To na ji. Zan zo da sassafe, zan sa zanena mai kyau, zan jera galan-galan yadda na saba. Ina son matan nan su sami injinsu, ni ma hannuna ya gaji da matsa. Amma ban taɓa cewa mai ya yi kyau alhali ya lalace ba, ba kuma zan fara a kan Sulle ba. Duk abin da baƙinka suka tambaye ni zan faɗa musu yadda yake, tun daga ajin firamare har gindin dalbejiya, da ƙarfi yadda layin mai zai ji.

Ni ba na jin Turanci, saboda haka ba zan san abin da ka juya musu ba. Ba kuma zan tambaye ka ba har abada. Kai ne za ka sani.

Allah ya kawo ku lafiya.

Gwaggonka,
Turai