Kafson da Ka Ce a Saya wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Ƙofar Kuyambana sai godiya, in ban da jikin Inna.

Tarinta ya tafi, amma ya bar mana abin da ya fi shi. Ka tuna kafson nan ja da yalo da ka ce a waya a saya mata a kemis, wai shi ya warkar da kai? Ta sha sati guda. Ga 'yan dubiya, kowace ta zo da ragowar nata ƙulle a bakin zani, Inna kuwa ba ta mayar da hannun kyauta baya. Yau kwananta tara tana gudawa, ko kunu ba ya zama.

Likita ya ce a hanjin kowa akwai ƙwayoyi masu amfani, su ke taimakon narkar da abinci, su ke tare masu cuta. Maganin bai san na gida ba, ya share su, mugayen suka tarar da gida ba mai tsaro. Ya tambaye ni, "Wa ya rubuta mata wannan?" Na sunkuyar da kai. Na kasa cewa ɗanta ne, direban tanka.

Jiya ta ce, "Kada ki gaya wa Sani, zai damu." To, na gaya maka. Ni ke wanke zannuwan.

Ka gaishe min da kowa. Ka sa ta a addu'a. Addu'a kawai, Yaya. Kada ka ƙara aiko mana da sunan magani.

Ƙanwarka,
Hadiza