Ka Koya Mini Lalata Mota

Zuwa ga angona mai baƙin farce,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da garejinka da motocin da kake wuni a ƙarƙashinsu maimakon ka zo ka ga matarka ta fari. Yaya aiki? Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kunnen kakanka ne ya hana ni. Ko raɗa na yi a kicin, sai ya ɗaga murya daga tsakar gida ya gyara mini zance. Takarda kuwa ga ni ina rubuta ta a gabansa, yana shan shayi, ya ɗauka tsintar shinkafa nake yi. Ka gane inda na dosa ko? Idon ya tafi, jikana. Likita ya ce na hagu ya rufe, na dama kamar mai leƙe ta labule, ya ce ya ajiye tuƙi. Kakanka ya ce likitan ko keke bai iya ba. Babanka ya yi magana, ya kore shi. Ni da na buɗe baki, ya tuna mini ya fara riƙe sitiyari tun kafin in iya hura wuta.

Kwanan baya ya goge ginshiƙin ƙofa, ya ce ginshiƙin ne ya matso. Na yi dariya. Amma da ya taka keken 'yar maƙwabta, wadda ba ta daɗe da sauka daga kansa ba, ban yi dariya ba. Yanzu kuma ƙanwarsa na kwance ba lafiya, ya rantse ƙarshen wata shi zai tuƙa kansa ya dubo ta, ta babbar hanyar nan ta tireloli.

Na ɓoye makulli, ashe yana da wani a cikin safa. Na sassauta kan batir yana wanka. Sai ga abokan hirarsa, Tela da Mai Tanka, waɗanda ba su da aiki sai zama gindin bishiya suna koya wa juna gyaran mota. Kafin shayi ya huce sun gano. Na cusa tsumma a salansa. Mai Tanka ya ce a taka totur da ƙarfi, Tela ya durƙusa a baya yana leƙe. Ba sai na gaya maka inda tsumman ya sauka ba. Allah ya yafe mini, na yi dariya har da hawaye a bayan ƙofa.

To ga buƙatata. Kullum kana gyara wa mutane, yau ka koya mini lalatawa. Ina son ciwon da tsofaffi uku ba za su gano ba, wanda tsohuwa za ta iya da hannu ɗaya. Kar ka ce in zuba wani abu a tanki, ba na son kashe masa ita, kwantar da ita nake so. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takardar amsa, kar ka kira.

Taka har kullum,
Kakarka


Zuwa ga maigidana, makaniken banza,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana cin abinci a kan lokaci, ba burodi da hannun baƙin mai ba. Na ga amsarka da zanen da ka yi mini. Zanen ya fi rubutun kyau, rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda. Wa'azin da ka haɗa da shi, wai in zaunar da shi mu yi magana ta fahimta, na ajiye maka. In ka yi aure ka gwada.

Na bi zanen. Na sami ƙaramin akwatin a ƙarƙashin sitiyari, na zare fiyus ɗin famfon mai, na jefa a gwangwanin allura. Washegari mota ta yi ta tari ba ta tashi ba. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Sai majalisa ta zauna. Tela ya ce fulogi ne, aka canza fulogi. Mai Tanka ya ce shi a zamaninsa in mota ta yi haka batir ne, aka kawo sabon batir. Wani mai wucewa ya ce a wanke tanki, aka wanke. Suka canza baƙin mai, suka ɗaure birki, har fitilar da ta mutu tun kana makaranta suka gyara. Ni ina kai musu ruwa ina yi musu sannu, kamar mutuniyar kirki. Daga ƙarshe kakanka da kansa ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya bi akwatin da yatsa kamar mai laluben ƙaya, ya ji gurbi. Mai Tanka ya murɗa 'yar waya ya cusa a wurin.

Jikana, motar nan yanzu ko ranar da aka sayo ta ba ta yi wannan lafiyar ba. Taɓa makulli ɗaya take tashi. Da hannuna na gyara masa abin da zai kashe shi.

Sun yanke hukunci wai ɓera ne. Tela ya ce ya san ɓeran da ya taɓa sace ƙararrawar keke, Mai Tanka ya ce ƙarya yake, suka kusa dambe. Ni dai na san ɓeran, gwiwarsa ma ciwo take.

Ƙarshen wata ya matso. Ya sa an wanke motar, ya auna iskar taya da ƙafa, yana ta waƙe-waƙensa na da. Abinci ba ya wuce mini. In na rufe ido tirela nake gani. In kuma na dube shi yana shafa jikin motar sai tausayi ya kama ni, don ita kaɗai ta rage da ba ta ce masa ya tsufa ba. Ka turo mini wata dabarar, wadda ta fi wannan mugunta. Ka yi sauri, don Allah.

Matarka da ka yi wa rowar ziyara,
Kakarka


Zuwa ga jikana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, yau na fi ka kaza. Yatsana a naɗe yake.

Amsarka ba ta iso ba, na kasa jira. Na buɗe gaban motar in ja duk wayar da hannuna ya samu. Ashe Tela ya ɗana tarkon ɓera a gefen batir. Ban yi ihu ba, na ciji mayafi. Da na miƙa wa kakanka shayi, hannunsa ya sauka kan tsumman da na naɗe yatsan. Ya riƙe, ya daɗe yana shafawa. Na ce wuƙa ce. Ya ce wuƙar nan ta iya cizo.

Ranar tafiya ya sa fararen kayansa. Na rasa abin yi, sai na ɗauki jakata na shige gaba na zauna. Ya ce ina zuwa? Na ce inda za ka mutu nan zan mutu, ba za ka bar ni da su Tela ba. Ya tayar da mota. Layinmu ya bi shi lafiya, don ramukan a kansa suke. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da addu'ar shiga banɗaki.

Da muka kai bakin babbar hanya ya tsaya. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya sake juyawa. Na baya suna ta danna oda. A hankali ya tambaye ni ko akwai abin da ke zuwa. Na duba, na ce babu. Gaskiya na faɗa, hanya fayau take. Bai motsa ba. Ina jin a nan ya gane cewa ko babu komai sai ya tambaya, kuma tafiyar da nisa.

Ya kashe mota, ya fita, ya buɗe gaba. Ina kallonsa ta gilashi ya laluba, ya zare wata baƙar waya mai kauri, ya sa a aljihu. Da mutane suka taru ya ce musu ta mutu, a taimaka a tura. Haka aka turo mu gida, yana riƙe da sitiyari, kansa a sama.

Su Tela suka rugo da sufanu. Ya hana su taɓawa. Ya ce wannan ciwon ya fi ƙarfin gindin bishiya, sai jikansa. Da suka watse ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba, ya ajiye mini wayar a cinya, ya ce in rubuta wa mijin nawa ya zo ya ja motar, tunda na iya tsintar shinkafa da biro. Na fita kicin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar uwata.

To ka zo, ka zo da taka motar. In ka iso su Tela za su kewaye ka. Ka buɗe gaba, ka daɗe kana kallo, ka yi tsaki, ka girgiza kai irin yadda kuke yi wa mutane. Ka ce kayan gyaranta sun yi wuya yanzu, sai an nema. Kar ka dubi fuskarsa lokacin da kake faɗa. Daga nan ka kai mu wurin ƙanwarsa, tana ta tambayarsa.

Kujerar gaba tasa ce. Zai ce ka cika gudu, zai ce ba ka iya canza giya ba. Ka ce to. In ya ce ka rage, ka rage, ko da a tsaye kake.

Kakarka