Bangon da Na Yi Bara

Ahmedabad, ranar Litinin

Zuwa ga baban Ramju,

Assalamu alaikum. Jena matar ɗanka ce ke rubuta mini wannan, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara komai. Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taka? Ɓaunar nan mai ciki ta haihu? A gaida maƙwabcinmu Sumar da zai karanta maka, amma ya rage murya.

Ka san da rantsuwa na baro gida, ba likitan da zai sa wuƙa a idona. Kwana shida Ramju na lallashi, ina cewa yanar idon nan ba ta hana ni komai ba. To, saurara.

Jiya suka kai ni wani wuri, wai gidan kallon haske. Na ce, "Ku mutanen birni, hasken ma ɗaki kuka gina masa?" A ƙofa na tuɓe takalmi, Ramju ya ce, "Haba Inna, ai ba masallaci ba ne." An nuna mana wani gilashi, wai yana tsaga haske launi bakwai. Kowa na cewa kai, kai. Ni ma na ce kai.

Sai muka shiga wani ɗaki zagayayye kamar namu, fitila ɗaya a tsakiya, bango cike da ƙananan madubai. Ma'aikaciyar wurin na ta bayani, wai haske idan ya bugi madubi dawowa yake kamar ƙwallo. Na ce, "'Yar nan, wannan karatun da laka uwata ta koya mini ina shekara tara. Babban yatsa ake sawa a karkata kowanne ya kalli fitila." Ta yi dariya ta ce, "To yau Kaka ce alƙaliya." Na ji wani abu ya yi ƙiris. Ta ce, "Kaka, yanzu fa?" Na ce, "Yauwa, yanzu ma ya fi kyau."

Jena ta kama hannuna.

Ashe wani maɓalli ta danna ya juya maduban duka, suka ba fitila baya, hasken ya mutu. Ni ban ga bambanci ba.

Jena ta fito da ni, muka zauna a benci. Ta ce, "Inna, bangon ɗakinku da kika sake bara kafin Sallah, fiye da rabin madubansa a kife kika manna. Baba ne ya hana mu faɗa."

Baban Ramju! Shekara guda kana kunna fitila da magariba, ka jingina, ka ce, "Uwar Ramju, taurari sun shigo ɗaki." Ashe laka kake kallo da bayan gilashi. Yatsun nan sun yi kanta, ba sa gane gaba da baya, ban sani ba. Matan da na koya wa aikin sun zauna a gabansa sun sha shayi, ba wadda ta ce uffan. Gida-gida ka bi ka roƙe su, ko?

Da fari na ji haushinka ƙwarai, gurasar geron ma na kasa ci. Shekara hamsin da biyu muna tare ban taɓa kama ka da ƙarya ba, sai wannan. Yau da asuba kuma haushin ya gudu, na neme shi na rasa.

Ranar Alhamis za a yi mini aikin idon, na hagu tukuna. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ka yi mini addu'a.

Abu ɗaya nake roƙo: kar ka taɓa bangon nan, kar ka bari wata ta gyara. Da idona nake son in ga ɓarnar da na yi. Daga nan sai in juyo in ga fuskar maƙaryacin, na daɗe ban gan ta ba.

Na gaji. Jena, miƙo tawadar in dangwala.

Taka,
Hurbai