Bindigogin Harlan

Zuwa ga Anti Oleta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya gwiwar Kawu Delbert?

Anti, na rubuto ne in yaba miki. Na ci kasuwa daga Alabama har Texas, na ga 'yan talla iri-iri, amma ban taɓa ganin mai saurin hannunki ba. Maganar da na faɗa miki a kicin, daga ni sai ke muna ɓare gyaɗa, kafin in kafa rumfata a nan Georgia har ta isa shagon mai aski. Kuma ba gulma kika yi ba, Allah ya kiyaye. Addu'a kika nema. Kin buga wa matan coci waya, wannan ta buga wa waccan, kowacce ta ƙara gishiri kafin ta ce amin.

Me na ce miki? Na ce ƙanena Harlan tun rasuwar matarsa ba ya barci, har ya fara tunanin bin ta. Na ce shi da kansa ya naɗe bindigoginsa a bargo ya kawo wa Kawu ya kulle, kuma yana ganin likitan ƙwaƙwalwa a wani gari don kada a gane motarsa. Me ya isa kunnen iyayen yara? Wai Harlan, direban motar makaranta, ya haukace, har an ƙwace masa makamai. Ranar Litinin aka karɓe mukulli daga hannunsa.

Na zaɓi takarda ne domin in na kira ki, abin da zai fito bakina ko fasto ba zai iya wanke shi ba.

'Yarki,
Nadine

*

'Yata Nadine,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Gwiwa da sauƙi.

Wasiƙarki ta sa ni kuka. Sunansa kawai na bayar, da ɗan bayani don masu addu'a su san inda za su dosa. Ke ba ki da ɗa a motar nan. Kin ga abin da aka nuna a talabijin watan jiya, yadda wani ya shiga makaranta da bindiga. Bayan an binne yara kowa cewa yake, "Ai an ga alama, aka yi shiru." Ni ba zan zama mai shirun ba.

Kuma ba wanda ya guje shi. Na kai masa soyayyiyar kaza da burodin masara, ya ƙi buɗe ƙofa. Ranar Lahadi dai ya zo, sun daɗe da kawunki a gareji, ina jin kan maganar kayansa ne.

Ke ma ina sa ki a addu'a.

Taki cikin ƙauna,
Oleta

*

Kawu Delbert,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na kira na gaji, na san ba ka jin ƙarar waya in kana gareji.

Kawu, kada ka ba Harlan bindigogin nan. Ko ya yi kuka, ko ya yi zagi.

Jiya na same shi a waya. Na ce, "Kai sarkin taurin kai, ka je wurin likita?"

Ya ce, "Yaya, zuwan da na yi me ya saya min? Da na yi shiru da yanzu ina kan sitiyari."

Na ce, "To bindigogin na mene ne?"

"Lokacin farauta ya kusa."

Na ce, "Kai? Kai da barewa in ta hango ka sai ta kwanta ta huta?"

Ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Sai ya ce in na dawo in ɗauki karensa, wai dama karen ya fi sona. Kawu, na ƙare rayuwata ina sayen kayan gwanjo. Na san muryar mutumin da yake rabar da kayansa.

Harlan ba zai taɓa ɗan kowa ba. Yaran motar nan ya san wanda ke amai in an sha kwana, ya san wadda ke zuwa ba ta karya ba. Mutum ɗaya ne cikin haɗari a garin nan, kuma shi ne ya kawo maka ajiyar da hannunsa lokacin yana son ya rayu. Ka riƙe mukullin ajiyar, da an tashi kasuwar nan ina hanya.

'Yarka,
Nadine

*

Nadine,

Muna lafiya. Takardarki ta zo na riga na ba shi.

Kayansa ne. Ajiya ya ba ni, ya dawo ya ce in ba shi, ni ba alƙali ba ne. Ya dube ni ido cikin ido ya ce lafiyarsa ƙalau. Ran da aka fara hana namiji bindigarsa don ya yi baƙin ciki, ƙasar nan ta ƙare. Kakanku ma abin da zai faɗa ke nan.

Maganar mota kuwa kada ki ga laifin antinki ita kaɗai. Ni ma na ɗaga hannu a taron makaranta da aka ce a sauke shi. Yara ba abin wasa ba ne.

Ki yi tuƙi a hankali.

Kawunki,
Delbert

*

Kawu da Anti,

Ina gaisuwa. Na iso da safe. Gidan Harlan a kulle, motarsa ba ta nan, ina hango wayarsa a kan tebur ta taga. Mai gidan mai ya ce ya ga ya nufi hanyar daji. Yanzu za mu bi sawu da 'yan sanda, shi ya sa na jefa wannan a akwatin wasiƙunku ban shigo ba.

Abu ɗaya nake so ku tattauna kafin in dawo, tunda ku ne manya. Mutumin da kuka ce ciwonsa ya kai a karɓe masa sitiyari, yaushe ya warke har ya isa a miƙa masa bindiga?

Nadine