Wa Zai Riƙe Ƙofa?

Litinin, 3 ga Maris
Da sunan Allah. Ni, Shugaban Hukumar Makarantu, mai kujerar nan da ke juyawa, yau na buɗe taron gyaran dokoki: hutun ma'aikata, ranakun rufe makarantu, da sayen kaya. Sai da na yi tari kafin in yi magana, kamar yadda manya ke yi. Kowa ya nutsu. Kai, mulki da daɗi!

Laraba, 5 ga Maris
Mun gama da sayayya. Daga yau ko tsintsiya za a saya, sai an zaga shago uku an ji farashi. Mai Sayayya ya ce, "Ranka ya daɗe, a tausaya wa ƙafafuna."

Da rana wani ya kira shi a waya da irin muryata, har da tarin, ya ce maza a jiyo farashin kujera mai juyawa saboda mai gadi. Bawan Allah ya gama shago biyu cikin rana kafin ya farga. Ana zargin yaron nan mai gadin ƙofarmu, Ɗan Tsokana. Ni dai ban ga laifinsa ba. Yaro ne mai basira, ga kyau.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau ake yin ta! Maganar hutu. An ba malamai, an ba direbobi, sai Anti Sakatariya ta ce, "Masu gadi fa? Kowa ya watse, su suna nan suna gadin kujeru." Allah ya yi wa matar nan albarka! Aka amince: duk mai gadin da matarsa za ta haihu yana da mako guda, in dai ya samo wanda zai riƙe masa ƙofa a cikin ma'aikata.

Matar Ɗan Tsokana kuwa watanta ya tsaya, haihuwar fari. An ce an gan shi yana rawa da sandar gadi.

Talata, 11 ga Maris
Yaron ya fara neman mai riƙe ƙofa. Direba ya ce, "Ni? Kai da ka ɗaura mini gwangwanaye a bayan mota?" Mai shara ta yi dariya har da riƙe ciki. Mai Sayayya ya ce, "Zaga shago uku, ƙila ka samu."

Baba Masinja kuwa, yaron ko tambayarsa bai yi ba. Wanda ka aika har bayan gari da ambulan babu komai ciki, da wane ido?

Laraba, 12 ga Maris
Ba kowa. Mutane ba su san wasa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Da hantsi maƙwabciya ta kira yaron, naƙudar matarsa ta tashi, an wuce asibiti. Ga makullai a hannu, ga motoci suna shiga suna fita. In ya bar ƙofa aiki ya tafi, in ya tsaya... Na karanta duk abin da na haddace a makarantar allo, har ina haɗa sura da sura. Wato shi yaron.

Sai ga Baba Masinja ya jingine kekensa.
"Kawo makullan, shashasha."
"Baba, mako guda fa aka ce."
"Na san ƙirga. Wuce! Ka ce wa 'yata ta yi addu'a kada a ɗauko halinka."

Asabar, 15 ga Maris
MACE! Lafiya lau, ita da uwar! Murya kamar jiniya. Hancina ne sak, kowa ya faɗa, ban da surukata.

Litinin, 24 ga Maris
To, ƙarya fure take. Shugaba bai san da littafin nan ba, tsohon kundinsa ne da aka jefar, na tsince shi. Taron ma ta taga na ji. Ni ne Ɗan Tsokana, mai gadi, kujerata benci ce kuma ba ta juyawa.

Na dawo na tarar rana ta ƙona Baba, ƙafarsa ta kumbura. Sabuwar doka ta ba shi hutu in makarantu sun rufe, amma shi ma sai ya samo mai kai masa takardu. Na ce in na tashi daga gadi ai zaman banza nake yi, ni zan riƙa kai masa.

Ba don komai ba ne fa. Keken nake so in hau.